Taga da Rufi: Haske da Iska a Gidajen da Muke Ginawa a Mahaifa

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan gine-ginen da 'ya'yan wannan ƙasa mazauna birane suke yi a gida. Fagen yana da faɗi, don haka muka zaɓi abu guda, wato taga, musamman sabuwar tagar nan da ake hudawa a rufin ɗaki, mai firam ɗin roba, wadda wasu daga cikinku suka gani a manyan unguwannin Abuja ko a hotunan waya, har suka fara tambayar ko za ta yi a Madobi. Wani zai ce taga ai ƙaramin abu ce da ba ta kai a tara jama'a a kanta ba. To, amma mu tuna wanda zai kwana a ɗakin. Mai gidan yana zuwa ne da sallah ko biki, ya yi kwana uku ya koma. Waɗanda za su sha zafin bazara da ƙurar hunturu da cizon sauron damina a cikinsa su ne tsohuwa da tsoho, da ƙanne, da jikokin da aka kawo riƙo. A madadinsu muke wannan magana.

Duk wanda ya zagaya Madobi da Kwankwaso da Kafin Agur da Burji da Rikadawa a 'yan shekarun nan zai ga gidajen bulo sun tashi, da dogon rufi mai launi, da gilasai masu duhu. Abin a yi godiya ne, domin alama ce ta cewa 'ya'yanmu ba su manta da gida ba. Sai dai akwai wani abin lura. A yawancin irin waɗannan gidaje, idan ka je da azahar a watan Afrilu, za ka tarar da tsofaffin da aka gina wa gidan sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya a waje, ko sun koma tsohon soron ƙasa da ya tsira a bayan gida. Ba ƙin sabon abu ba ne ya kore su. Zafi ne.

Bari mu fara da yadda kakanninmu suka warware wannan matsala, domin a cikinsa akwai darasi. Maginin gargajiya yana ɗora tubali ya yi bango mai kauri, a ƙasa yakan kai kamu biyu, ya rufa da azarar giginya, ya zuba ƙasa, ya bi da laso ko makuba, ya sa indararo. Tagar da yake bari ƙarama ce, can sama kusa da rufi. Irin wannan bango yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida suke kwance a tsakar gida. Iska mai zafi kuwa halinta ne ta tashi sama, sai ta sami wannan 'yar taga ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan fasaha sai ya je Gidan Makama a Kano, ko ya leƙa ragowar tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ga yadda bakan gizo da ɗaurin guga suka ɗaga rufi sama, zafi ya yi nesa da kan mutum. Kuma wannan ilmi bai mutu ba. A garin Yama na Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a shekarar 1986.

Amma ƙaramar taga ta dace da wancan gini ne saboda dalilai biyu: bango mai kauri, da rayuwar da ake yi a tsakar gida. Yau duka biyun sun canja. Bulon inci shida ko tara mai rami a ciki ba ya riƙe zafi, yana miƙa shi ne kai tsaye. Kwano, wanda ya yaɗu a ƙasar nan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, shi kuma kamar kasko yake a kan wuta. Sannan mun koma da komai cikin ɗaki: falo, talabijin, banɗaki, har da kicin. Tsoron ɓarayi ya hana mutane da yawa kwanan waje. Saboda haka gidan yau yana bukatar iska da haske fiye da na jiya nesa ba kusa ba, alhali zanen da ake kwafowa daga birni an yi shi ne bisa tsammanin akwai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da kunna janareta dare guda yake ci. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta, kurkuku ne ga wanda ba shi da ita.

To, daga ina tagar rufi ta zo? A siffarta ta zamani, wani injiniya ɗan ƙasar Danmak mai suna Villum Kann Rasmussen ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1940, kamfaninsa shi ne Velux, wanda har yanzu yake kan gaba a wannan sana'a. Bukatarsa ita ce a mai da sararin da ke ƙarƙashin rufi ya zama ɗakin zama ko ajin karatu. Ƙasarsu kuwa ƙasar sanyi ce. A watan Disamba yininsu wajen sa'a bakwai ne kawai, ranar ma tana can ƙasa-ƙasa kamar hantsinmu. A wurinsu kowane ɗigon rana riba ne, domin haske ne kuma ɗumi ne. Firam ɗin roba, wanda 'yan kasuwa suke kira uPVC ko binil, shi kuma a Jamus aka fara yin tagogi da shi a shekarun 1950, kuma babban dalilin karɓuwarsa shi ne ba ya barin ɗumin ɗaki ya zurare waje.

Mu namu lissafin akasin haka yake. Muna kusa da layi na 12 arewa da tsakiyar duniya. Yininmu bai taɓa yin ƙasa da sa'a goma sha ɗaya ba. Sau biyu a shekara, a cikin Afrilu da kuma cikin Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka, har mutum ya rasa inuwarsa da azahar. A watan Afrilu zafin inuwa yakan kai digiri 38 zuwa 40, kwanon rufi kuwa yakan haura 60. Masana sun auna cewa ranar tsaka tana zubo ƙarfin da ya kai kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Gilashi garai yana barin mafi yawansa ya wuce. Ma'ana, wanda ya huda tagar mita ɗaya a saman ɗakin mahaifiyarsa, kamar ya kunna mata dutsen guga na lantarki ne a ɗaki, ya bar shi tun daga hantsi har la'asar, kullum. Tagar bango ana iya yi mata inuwa da bakin kwano ko da bishiya ko da labule. Tagar rufi tana kallon rana ido da ido.

Wannan shi ne abu na farko. Na biyu ruwa ne. Rufi aikinsa ɗaya, ya hana ruwa shiga, kuma duk inda aka huda shi an buɗe wa yoyo ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwanmu ba yayyafin Turai ba ne. Hadari ne mai tasowa daga gabas da guguwa a gabansa, a Mayu da Yuni yana yaye kwano, a Agusta kuma ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci har da ƙanƙara. Tagar rufi ba ta zama lafiya sai an yi mata dakali, wato an ɗaga bakinta sama da kwano kamar inci huɗu zuwa shida, an kewaye ta da fallen ƙarfe da aka lanƙwasa daidai da ƙirar kwanon, na sama ya shige ƙarƙashin kwano, na ƙasa ya hau kansa, yadda ruwa zai bi gefe ya wuce. Abin da aka fi gani a wurinmu shi ne kafinta ya yanka kwano, ya ɗora taga, ya bi gefen da gam. Gam kuwa rana tana cinye shi cikin damina biyu ko uku. Daga nan sai tabo a silin, sai katako ya fara ruɓewa a inda ido ba ya gani.

Na uku, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana sauka a kan komai, ga ƙaiƙayin shinkafa lokacin casa, ga kashin tsuntsaye. Gilashin da yake kwance yana tara duk wannan, kuma babu ruwan da zai wanke shi sai bayan wata biyar ko shida. Wa zai hau ya goge? Dogon rufin da ake yayi yanzu ko saurayi ba ya hawansa sai da shiri, balle a ce a tura ɗan makaranta.

Kada a fahimce mu da cewa robar ce ba ta da kyau. Firam ɗin uPVC yana da alherinsa. Gara ba ta cin sa, kuma duk wanda ya taɓa sa firam ɗin katako a ƙasar nan ya san darajar wannan. Ba ya tsatsa, ba ya bukatar fenti, ba ya ɗaukar zafi ya miƙa ciki kamar alminiyom, kuma idan an rufe shi yana toshe ƙura da ƙara fiye da sauran. A jikin bango, ƙarƙashin inuwa, taga ce ta kirki. Rauninsa a rana yake. Roba tana buɗewa da zafi kusan ninki uku na alminiyom: sanda mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da kusan milimita 3 tsakanin sanyin asubahin hunturu da zafin azahar. Idan zafi ya doshi digiri 80 sai ta fara laushi. Firam mai duhun launi a kan rufin kwano bai yi nisa da wannan iyaka ba. Sannan hasken rana yana da wani sashe da ido ba ya gani wanda yake cin roba, shi ne yake sa bokitin da aka bari a waje ya koɗe ya riƙa karyewa kamar ƙwai. Masu ƙera na ƙwarai suna zuba sinadarin kariya a cikin robar tun wajen narkawa. Masu neman araha suna rage shi, kuma a ranar saye ido ba zai bambance ba. Araha dai ba ta ado.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya saya, ko don bango ko don rufi, ga abin da zai duba. Ya zaɓi fari, ya bar mai duhu ko mai kama da katako. Ya nemi a nuna masa yankakken guntu ya ga kaurin robar da yawan ramukan cikinta. Ya riƙe maganaɗisu a aljihu: firam na gaskiya akwai ƙarfe a cikinsa da yake hana shi lanƙwashewa, maganaɗisun zai kama, idan bai kama ba, roba ce zalla. Ya duba kusurwoyi, a ga narka su aka yi aka haɗe, ba ƙusa aka ɗaura ba. Ya duba ƙananan hudojin da ruwa yake fita ta ƙasa. Ya tambayi takardar shaida cewa an yi kayan ne domin ƙasashe masu zafi, da takardar lamuni mai ɗauke da shekaru da adireshin da za a iya zuwa. Idan a saman kai za a sa, gilashin tagar bango ba ya yi. Sai mai fallaye biyu da leda a tsakani, irin na gaban mota, wanda ko ya fashe ba ya zubowa kan mai barci. Kuma ya yi tambaya guda wadda ta fi duk waɗannan: idan mariƙi ya karye ko roba ta saki bayan shekara biyar, wa zai gyara, kuma daga ina zai taso? Tagar ƙarfe da mai walda na cikin gari ya ƙera, in ta lalace da safe, kafin azahar yaro ya kira shi. Wadda sai an ɗauko ma'aikaci daga Abuja, za ta shekara a toshe da tsumma.

Akwai wuraren da haske daga sama yake da amfani, ba mu musa ba. Dogon lungun da yake ratsa tsakiyar gidajen zamani, wanda ko da rana sai an kunna fitila, matakalar bene, banɗakin da ba shi da bangon waje, sito, rumfar injin casar shinkafa irin waɗanda suka cika Kura. Duk wurare ne da ba a kwana, ba a kuma daɗe a zaune. A nan ma ƙarami ya isa, domin hudar rufi tana ba da haske ninkin abin da tagar bango mai girmanta take bayarwa. Fallen kwanon roba guda ɗaya mai ƙirar sauran kwanukan ya fi sauƙin sawa, ya fi wuyar yoyo, tunda jerawa ake yi ba yankawa ba. A zaɓi mai farin hazo wanda yake watsa haske, a bar mai garai. A lura kuma, mai kyau daga cikinsu fuska ɗaya ce take da kariyar rana, an rubuta a jikin ledarta. In kafinta ya kifa shi, cikin 'yan shekaru zai yi rawaya ya tsattsage. Akwai kuma bututun haske da aka ƙirƙiro a Ostareliya a shekarun 1980, ɗan ƙoƙo ne a kan rufi da bututu mai sheƙi da yake sauko da haske ta cikin silin, hudarsa ba ta wuce faɗin faranti ba. Har ma talakawan Barazil da Filifin sun yi nasu: wani makanike mai suna Alfredo Moser ya gano a 2002 cewa gorar roba cike da ruwa da ɗan bilic, in aka soke ta a kwano aka toshe gefen, tana haska ɗaki kamar ƙwan fitila mai wat 40 zuwa 60. Mun kawo wannan ne don a ga ƙanƙantar hudar da ake bukata. Kuma a yau da farantin sola da ƙwan fitila maras cin wuta suka wadata, sau da yawa ya fi sauƙi a ɗora faranti a kan rufi a bar rufin da lafiyarsa, a sami hasken da zai yi aiki har da dare.

Hanyar da muka fi so kuwa ita ce ta kakanninmu a sabuwar riga: a ɗaga tsakiyar rufi ko bangon lungu ya zarce sauran, a jera ƙananan tagogi a tsaye can sama, suna kallon arewa ko kudu, bakin kwano ya rufa musu. Haske zai shigo ba tare da rana ba, zafi zai fita, ruwa ba shi da hanya. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine. A Dandaji ta jihar Tawa, garin Hausawa 'yan'uwanmu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a 2018 da bulon ƙasa da maginan garin. Duniya tana zuwa koyon abin da muke rushewa.

Yanzu sai tagar bango, wadda ita ce kowa zai sa, ko mai kuɗi ko talaka. A kwalejin horon malamai an koya mana, a darasin kiwon lafiyar makaranta, cewa aji yana miƙewa ne daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su kalli kudu da arewa, a bangaye biyu masu fuskantar juna.  Dalilin a fili yake. Rana tana bi ta sama da bangon kudu da na arewa, bakin kwano mai ƙafa biyu zuwa uku ya isa ya yi musu inuwa. Bangon gabas shi yake shan ranar safe da dukan ruwa. Bangon yamma shi ne mugu, domin ranar la'asar tana shigowa a kwance, a lokacin da gari ya riga ya gasu. Kada a sa ɗakin tsoho a kusurwar yamma. A ba wa sito da banɗaki wannan gefe, a dasa bishiya a bayansu. Wannan shawara ba ta cin ko kwabo, amma sai an yanke ta kafin a haƙa harsashi. Tun ran gini, tun ran zane.

Game da girma, ƙa'idar da masana gini suka saba bi ita ce faɗin tagogi ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki, kuma aƙalla rabin wannan ya zama mai buɗuwa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana da murabba'in ƙafa 144, taga mai ƙafa 4 da 4 tana da 16, ta cika sharaɗi ke nan a takarda. Amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma ba don zafinmu aka yanka shi ba. Tagar alminiyom mai zugewa, wadda ta zama ruwan dare, rabinta kawai yake buɗuwa, 16 ta koma 8. A sa mata ragar sauro, iskar ta sake raguwa sosai. A rataya labule mai kauri, shi ke nan an gama da ita. Ga shi kuma ƙura tana cika hanyar da take zugewa, tayoyin su ci. Taga mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da dukkan faɗinta, har tana kamo iskar da take wucewa ta gefe. Tsohuwar luba da aka raina, ita ma kusan duka take buɗewa, ana iya barin ta a buɗe ana ruwa, gilashi ɗaya in ya fashe shi kaɗai za a saya. Aibinta ƙurar hunturu da saukin zarewa ga ɓarawo. Kowace aka zaɓa, ɗaki ya sami taga biyu a bango biyu. Iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Kuma a bar tazara tsakanin taga da katanga. Mun ga gidaje da yawa da aka manna ɗaki da katangar maƙwabci, taga tana kallon bulo a nisan kamu ɗaya.

Gilashi mai duhu ko mai madubi yana rage ƙyallin rana, gaskiya ne. Amma a sani, sirrin da yake bayarwa na rana ne kawai. Da dare, in an kunna fitila a ciki, lamarin juyawa yake: na waje yana ganin na ciki tar, na ciki ba ya ganin komai. Maganar sirri kuwa ba ƙarama ba ce a wurinmu. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin hukunci cewa ba a buɗe tagar da take leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. Masu gina bene a tsakiyar unguwa su kiyaye. Tagar da aka ɗaga sama da tsayin mutum tana ba da haske da iska ba tare da ta jawo ƙara gaban mai unguwa ba.

Mai girma shugaba, mu zo kan lafiya, domin nan ne abin ya fi shafar yankinmu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka shimfiɗa hanyoyin ruwa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama arzikin wannan yanki, shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Amma ruwan da yake kwance rani da damina ya sa sauro ba ya tafiya hutu. Sauron zazzaɓi da dare yake shiga, kuma babbar hanyarsa ita ce ratar da ke tsakanin bango da kwano, sai tagogi. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa gidajen da aka sa wa raga sun rage shigar sauro da wajen rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu a tsakanin yaran gidajen. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da sa wa gidaje raga cikin shawarwarinta na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka raga ba ƙari ba ce da za a sa in kuɗi sun ragu. A sa ta a kowace taga da kowace hudar iska, a firam ɗin da za a iya cirewa a wanke, sannan a ƙara girman tagar don a rama iskar da ta tare.

Ta ɗaya gefen kuma, toshe ɗaki ruf yana da nasa haɗarin. Manya a cikinmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, Kano tana cikin inda ta fi tsanani. Sanƙarau da tarin fuka da ƙyanda duk ta numfashi suke yaɗuwa, kuma cunkoso a ɗaki maras iska shi ne gonarsu. Haka nan kowane hunturu ana jin labarin iyalin da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ko aka ajiye janareta a lungu ko a gindin taga, aka wayi gari ba su tashi ba. Iskar da take kashe su ba ta da wari, ba ta da launi. 'Yar hudar iska mai raga a saman bango, wadda ba a rufewa ko da sanyi, tana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Janareta kuwa wurinsa waje ne, nesa da kowace taga.

Sai ƙarafan tsaro. Babu wanda zai ce kada a sa su a wannan zamani. Amma ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne yake hana mai gida fita ranar gobara, kuma silin roba da aka yawaita sawa yanzu, in ya kama, hayaƙinsa mai guba ne, yana narkewa yana ɗiga. A kowane ɗakin kwana a sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa daga ciki, a rataye makullin a ƙusa kusa da ita, inda yaro da tsohuwa suka sani kuma hannunsu yake kaiwa. Wannan ƙarin aiki bai kai kuɗin labulen falo ba.

Muna roƙon 'yan'uwa mazauna birni, kafin a aiko da kuɗin kaya daga Ƙofar Ruwa ko katako daga Na'ibawa, a zo da kai a tsaya a filin sau biyu, da hantsi da kuma la'asar, a ga inda rana take faɗowa da inda iska take bi. A zauna da wadda za ta zauna a gidan a tambaye ta inda take son ɗakinta da madafarta. A bar tsakar gida ko da ƙarama ce, a yi baranda mai zurfi.

Ga ƙungiya kuma muna da shawara biyu. Muna da 'ya'ya injiniyoyi da masu zanen gini da suka yi karatu a Zariya da Wudil da Jami'ar Bayero. A roƙe su su zana mana samfurin gida biyu ko uku, na mai ƙaramin ƙarfi da na mai hali, da suka dace da ranarmu da ruwanmu da sauronmu, a ajiye a ofishin ƙungiya kowa ya ɗauka kyauta. Su kuma ware yini guda su zauna da kafintoci da magina da masu walda na cikin gari. Ta biyu, kwamitin ilmi ya zagaya makarantun firamare na mazaɓunmu kafin hunturu, ya ƙirga azuzuwan da tagoginsu suka ɓalle ko aka toshe su da bulo, ya kawo lissafi da kiyasin kuɗi a zama na gaba, domin a san ta inda za a fara.